Uwar mijina ta ce jaririna ɗan wabi ne, wai wanda ya rasu ne ya dawo

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, aurena shekara 6. Na haifi yara biyu maza, duk sun koma, na fari yana wata 11, na biyu yana shekara ɗaya da wata 3. Su duka da zazzaɓi suka fara, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, su kwana suna tsala kuka. Yanzu Allah ya ba ni na uku, watansa 4. Ranar suna Inna, mahaifiyar maigidana, ta ga wani ɗan rami a gaban kunnensa na hagu, ta ce ai shi ne, wai ta yi wa na biyun alama da reza a daidai nan kafin a sa shi a likkafani. Ta ce yaro ɗaya ne yake ta zuwa yana komawa. Tana so a kai shi juji a ajiye, wanzami ya yi masa tsaga, a riƙa ce masa Ajuji, ni kuma kada in sa shi a rai. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce su ma suna da irinsa, abiku. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya ce can kowa ya yarda mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa. Na duba intanet har na ga wani likita Ba'amurke da ya yi bincike a kai. Na san abin da aka koya mana a Islamiyya, amma Anti, mutane masu yawa haka za su haɗu a kan ƙarya? Ina ba shi nono ina tsoron kallon fuskarsa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaya, ya sa masu ceto ne, ya raya wannan da ke hannunki.

Yaron da kike shayarwa ba yayansa ba ne ya dawo. Mutum ne sabo, da ransa da rabonsa. Sai dai yadda kika kwatanta ciwon 'yan'uwansa ya fi tayar mini da hankali a kan maganar kunne, don haka ko ba ki ƙarasa karanta amsar nan yau ba, ki riƙe wannan: cikin makon nan ke da maigida da jaririn ku je asibiti a duba jininku ku uku. Zan zo kan dalili. Bari in fara da tambayar da ta hana ki barci.

Kin ce mutane masu yawa haka za su haɗu a kan ƙarya? Ai ba su haɗu ba. Da za ki zaunar da su ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi abin da yake nufi, da kin ga kusan kowanne yana rushe maganar ɗan'uwansa.

Mabiya addinin Hindu sun ce a cikin mutum akwai rai da ba ya mutuwa, suna kiransa atman, yana fita daga wannan jiki ya shiga wani. Littafinsu Bhagavad Gita ya kwatanta abin da mutumin da ya tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa. Aikin da mutum ya yi, wato karma, shi ke yanke inda zai faɗa, ko gidan mai hali, ko gidan matalauci, ko ma jikin dabba. Tun wajen shekara ta 1030 malamin nan Albiruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi guda a kan Indiya, ya ce matsayin wannan aƙida a wurinsu kamar matsayin kalmar shahada ne a wurin Musulmi. To amma akwai abin da finafinan Indiya ba su nuna mana ba. Mu mun saba ganin an kashe jarumi kafin rabin fim, a sake haihuwarsa da fuskarsa har da gashin bakinsa, ya zo ya ɗauki fansa ya auri budurwarsa, mu tashi muna tafi. A addinin kuwa wannan kai-komo wahala ce, samsara suke ce mata, kuma ƙarshen burin mai ibada shi ne ya kuɓuta daga ita. Shi ya sa tsofaffi ke tattara komatsansu su tafi birnin Varanasi a bakin kogin Ganga, su kama ɗaki suna jiran ajali, saboda sun yi imani wanda ya cika a can ya huta, ba zai sake dawowa ba. Kuma babu wata ƙa'ida a wurinsu da ta ce rai zai koma cikin uwar da ta haife shi a baya. Shi ma ƙanen naki ya ɗan ƙara gishiri. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 40 cikin 100 ne na 'yan Hindun Indiya suka ce sun yi imani da sake haihuwa.

Mabiya Buddha daga yanki ɗaya suka fito da su, amma suka ce sam babu wani rai dawwamamme da ke ƙaura. Abin da ke wucewa shi ne tasirin ayyuka da kwaɗayin zuciya, suka ce kamar yadda ake kunna fitila daga wata fitilar ne. Malaman ɓangarorin biyu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kai ruwa rana a kan wannan gaɓa kaɗai. A Tibet ne aka mayar da abin hanyar naɗa shugaba. Shugaban addininsu, Dalai Lama na 13, ya rasu a 1933, aka haifi na 14 a 1935, masu nema suka iso ƙauyensu yana ɗan shekara 2, suka baza masa carbi da sanda da ƙaramar ganga, na marigayin a haɗe da wasu, aka ce yaron ya zaɓi na gaskiyar. A 2007 kuma gwamnatin Sin ta kafa doka cewa ba za a amince wani babban malamin Tibet ya dawo ba sai da izinin hukuma. Kin ji inda abin ya kai, dawowa daga mutuwa sai da takardar ofis.

Akwai kuma Duruz na Lebanon da Siriya da Isra'ila, waɗanda addininsu ya ɓalle daga Isma'iliyya, wani reshen Shi'a, a Masar a farkon ƙarni na 11. Su cewa suka yi rai yana fita ya shiga jariri nan take, mutum ba ya taɓa zama dabba, namiji namiji yake dawowa, mace mace, kuma ɗan Duruz a cikin Duruz ake sake haihuwarsa. Ɗan Hindu ya ce kana iya tashi a kare, ɗan Duruz ya ce ba ta yiwuwa, mabiyin Buddha ya ce babu ma ran da zai yi tafiyar. A cikin Yahudawa masu bin tafarkin Kabbala sun yarda da abin, amma babban malamin Yahudawa na ƙarni na 10 Sa'adiya Gawon ya ƙaryata shi. Manyan majami'un Kirista duk sun ƙi shi, ayarsu tana cikin Baibul, Ibraniyawa 9:27, cewa sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum mutuwa, bayanta sai shari'a.

Maganar maƙwabciyarki ita ce ta fi kusa da ta Inna. A al'adar Yarabawa abu biyu ne. Na farko kaka ya rasu ya bayyana a cikin jika, a sa wa yaro Babatunde ko Yetunde ko Iyabo, kuma wannan abin murna ne, akasin Indiya. Na biyu shi ne abiku, yaron da aka ce ya yi alkawari da abokansa na ɓoye cewa ba zai daɗe ba. Ibo suna ce wa nasu ogbanje. Mu kuma wabi, da sunayensa irin su Ajuji da Ajefas da Abarshi. Ki lura, waɗannan uku daga yanki ɗaya na duniya suka fito, inda uwa ke binne 'ya'ya a jere, da ciwo iri ɗaya, a shekaru kusan ɗaya, a zamanin da babu gwajin jini. Ni ban ɗauki kakanninmu wawaye ba. Idonsu ya ga gaskiya: abin yana bin gida, yana maimaita kansa, alamunsa ba sa canjawa. Dalilin ne ya ɓace musu, sai suka cike gurbin da labari.

Likitan da kika gani Ian Stevenson ne na Jami'ar Virginia, ya rasu a 2007. Ya yi kusan shekara 40 yana tattara labaran yara masu cewa sun tuna rayuwar baya, sama da 2,500, har da batun tabon haihuwa. Shi da kansa bai ce ya tabbatar ba, cewa ya yi labaran suna nuni. Masu sukarsa sun nuna cewa mafi yawansu daga wuraren da aka riga aka yarda da abin suka fito, ta bakin tafinta ya ji su, kuma sau da yawa iyalan biyu sun riga sun haɗu sun sha hira kafin ya iso. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda labaran ke bin aƙidar garin. A cikin Duruz, da suka ce jinsi ba ya canjawa, yara ba sa tuna sun taɓa zama wani jinsin. A ƙasar Bama, wato Myanmar, inda aka yarda ana canjawa, irin wannan labari ya yi yawa.

Yanzu mu dawo gida. Malamanmu sun san wannan aƙida tun da daɗewa, tanasuhi suke kiranta, Ibn Hazm da Shahrastani duk sun kawo ta a littattafansu na addinai da ƙungiyoyi, kuma babu mazhabar da ta karɓe ta. Ki buɗe Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100. Mutum ne mutuwa ta zo masa yana roƙon Ubangiji ya mayar da shi duniya ko ya gyara abin da ya bari, aka ce masa a'a, kuma a gabansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Suratu Yasin aya ta 31 ta ce al'ummomin da suka shuɗe ba sa komowa. Wanda ya roƙa da bakinsa ma ba a ba shi ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san irin zafin da kike ji. Ɗansa Alƙasim ya rasu yana ƙarami, Abdullahi ya bi shi, daga baya Ibrahim ya cika bai kai shekara biyu ba, Annabi yana hawaye yana cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Maza uku, kuma bai taɓa koyar da cewa ɗaya ne yake kai-komo ba. A cikin Bukhari, ya gaya wa mata cewa duk wadda 'ya'yanta uku suka riga ta za su zame mata kariya daga wuta. Wata mata ta ce, biyu fa? Ya ce, har biyu. Kamar domin ke matar ta yi tambayar. A wani hadisin na mafarkinsa mai tsawo ya ga Annabi Ibrahim a cikin wani lambu, yaran da suka rasu suna kewaye da shi. To ki auna. Lissafin Inna ya mayar miki da 'ya'ya uku ɗaya, ɗayan ma mai yaudara. Lissafin addininki ya ce uku ne cif, biyu suna can suna jiranki, ɗaya yana kan cinyarki.

Batun kunne kuwa ba shi da wuya. Wannan ɗan rami a gaban kunne halitta ce sananniya, yana samuwa tun farkon ciki lokacin da sassan kunne ke haɗuwa, ya yawaita a Afirka, kuma yana bin dangi. In kika je biki ki riƙa satar kallon kunnuwan dangin maigida da naku, da wuya ki rasa mai shi. Reza tsaga take yi, ba ta haƙa rami zagayayye. In kuma kama yake yi da yayyensa, da wa zai yi kama? Uwa ɗaya uba ɗaya. Wani Balaraben ƙauye ya taɓa zuwa wa Annabi da zargi saboda launin ɗansa ya saɓa da nasa. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye, ya ce babu mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta jawo shi. Annabi ya ce to ɗanka ma haka. Kama da wane ba ta wane.

Wannan jijiyar gado ita ce ta kawo mu asibiti. Kumburin hannu da ƙafa, rawayar ido, zazzaɓi, kukan ciwo, yara biyu a gida ɗaya, duk kafin su cika shekara biyu: duk ma'aikacin lafiyar da ya ji wannan, sikila ce za ta fara zuwa masa a rai, wato amosanin jini. Likita ne zai yanke bayan gwaji, amma ga yadda abin yake. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa wata za ta jera biyu ko uku, wata ta haifi shida babu ko ɗaya. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya, wannan yana cikin abin da ya sa jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Ki juya lissafin kuma ki gani: ko da ku biyun AS ne, kashi uku cikin huɗu wannan yaron ba shi da ita.

Gaggawar da nake yi saboda watanninsa ne. Jariri yana zuwa da wani nau'in jini na cikin ciki da ke kare shi, sai wajen wata 6 yake raguwa, a nan ciwon ke fara nuna kansa. Naki yana wata 4, kin ga kuna da ɗan sarari, kada a yi wasa da shi. Ku je babban asibitin gwamnati ko na koyarwa, sashen yara, ki ba likita labarin na fari da na biyu dalla-dalla kamar yadda kika ba ni. Ki tuna masa watannin yaron, domin gwajin da ake yi wa manya yana iya rikicewa a kan ƙaramin jariri, akwai wanda ya fi dacewa da shi mai suna HPLC. In ya fito SS ba hukuncin kisa ba ne. Abin da ya fi kashe irin waɗannan yara ƙwayoyin cuta ne da maleriya da ƙarancin jini na farat ɗaya, kuma duk akwai matakinsu: maganin penisilin kullum tun yana jariri, cikakken rigakafi, gidan sauro da maganin kariya daga maleriya, folik asid, in ya ƙara watanni, likita na iya ɗora shi a kan maganin hydroxyurea. Za a koya miki yadda ake taɓa cikinsa a ji ko saifa ta kumbura. Masu sikila da yawa sun girma sun yi karatu sun yi aure. In kuma gwajin ya nuna ba ita ba ce, kada ku tsaya, ku nemi likitan ya ci gaba da bincike, domin akwai wasu cututtukan gado da ke yin irin wannan.

Sai Inna. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Jikoki biyu ta binne, wataƙila ta binne nata 'ya'yan kafin a haife ki, kuma abin da ta gada shi take ba ki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kada ki je mata da ayoyi kamar mai ɗaukar ɗaliba, suruka ba ta karɓar karatu daga matar ɗanta ko da gaskiya ce tsagwaronta. Maganar rezar da ta ce ta sa wa gawa ma ki bar ta. Ba daidai ba ne, addini ya ba gawa alfarmarta, amma ya wuce, tono shi yanzu faɗa kawai zai haifar. Wannan aikin maigida ne. Ki same shi cikin natsuwa, ki nuna masa wannan amsa in kin ga dama, shi ya je wa mahaifiyarsa, in da hali tare da wani kawu ko limamin da take jin nauyinsa. Abin da zai ce mata kaɗan ne: Inna, a ba mu mako biyu mu ji ta bakin likita tukuna. Ba a ce ta yi ƙarya ba, ba a kuma yi abin da ta ce ba.

Abu biyu ne ba za ki sassauta a kai ba, juji da aska. Jaririn da ake zargin jikinsa ba ya iya yaƙar ƙwayoyin cuta ba a kwantar da shi a kan shara, ba a kuma zubar masa da jini da askar da ta bi jikin wasu. Laƙabi kuwa ban ga abin ɗaga murya a kai ba yanzu. Ke dai ki riƙa kiransa da sunansa na yanka, ki sa yaran gida su saba da shi, na Inna zai tsaya a bakin Inna. In ya fara wayo ne za ki tsaya tsayin daka kada kowa ya riƙa gaya masa shi mai tafiya ne, don yaro yana jin abin da ake faɗa a kansa.

Cikin duk abin da Inna ta faɗa, wanda na fi jin tsoro shi ne kada ki sa shi a rai. Uwar da ta sallama cewa ɗanta mai komawa ne takan yi jinkiri ranar da jikinsa ya yi zafi, ta ce a bari zuwa safe, dama an faɗa. Tsoron kallon fuskarsa da kike ji ba rashin imani ba ne, zuciyar da aka ƙona sau biyu ce take ja da baya, kuma in ya kai ki ga rashin barci da rashin cin abinci da yawan kuka, ki gaya wa likitan wannan ma, ana taimaka wa masu jego a kai. Kafin sakamako ya fito, ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa da shimfiɗarsa. In ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko kika ga kumburi a yatsunsa, ki goya shi ki tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, ba sai kin jira shawarar kowa ba. Ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna, naki da na maigida da nasa.